Matasan Zabori, Kada a Wuce da Ɗan Kowa ta Tasharmu

Samari da 'yan matan Zabori, da ku nake. 'Yan kabu-kabu, direbobi da yaran mota, 'yan kamasho, masu sayar da shayi da ƙosai a bakin tasha, masu tuƙa jirgi a gaɓar kogi a Gaya, ku saurara. Mai fataucin mutane ba shi da hanya tasa ta daban, ba shi da tasha tasa, ba shi da mota mai wata alama. Motar da ke kai rake da rogo kasuwa ita yake shiga. Babur ɗin da ya kai mai naƙuda likita jiya, shi zai tare yau. Ya yi sallama kamar kowa, ya biya kuɗin mota ba gardama, wani lokaci ma ya ƙara wa yaron mota na goro. Yarinyar da ke zaune gefensa, wadda ta sunkuyar da kai tun da aka tashi, ita ce hajarsa. Mu ne muke ɗaukarsa, mu ne muke sauke shi, mu ne kuma muke ce masa Allah ya kiyaye hanya.

Ku dubi inda Allah ya ajiye mu. Zabori tana cikin gundumar Junju, wadda aka cire daga Gaya a 2011. Gabas da mu jihar Kebbi ce, ƙasar 'yan uwanmu da muke auratayya da cin kasuwa ɗaya. In ka yi kudu, ga Gaya, ga Kamba a ɓangaren Najeriya, ga Malanbil a hayin kogi, daga nan hanya ta miƙe har Kwatano da bakin teku. In ka yi arewa ka hau babbar hanya, Dogon Dutsi ce, Ƙonni, Tawa, Agadas, daga can kuma sai Aljeriya ko Libiya. Ƙasa uku suka haɗa goshi a wannan kusurwa. Albarka ce ga mai neman halal. Wanda ke neman ya ɓatar da sawun ɗan wani ma haka yake ganinta, domin cikin wuni ɗaya yana iya fitar da yaro daga hannun hukumar ƙasarsu, ya kai shi inda bai san harshe ba, bai san kowa ba.

Kada wani ya ɗauka ina hana tafiya. Ci-rani gadonmu ne. Iyayenmu sun gama girbi sun tafi Sakkwato, Legas, Kumasi, Abijan, sun dawo da kuɗin aure da na takin gona, ba wanda ya kira su bayi. Saurayin da ya zauna cikin rani ba aikin fari ba na baƙi, gero ya kusa ƙarewa a rumbu, ba ka da bakin ce masa ya zauna. Wanda ya ce talauci ba hujja ba ne, bai taɓa kwana da yunwa ba. Amma akwai tafiyar da kai ka yi ta, akwai wadda aka yi da kai. Ɗan ci-rani ya san inda za shi, ya san aikin da zai yi, kuɗinsa na aljihunsa, ran da ya ga dama ya tattara ya dawo. Wanda aka yi fataucinsa, wani ne ya zaɓa masa gari, wani ya biya masa mota, wani ke karɓar ladan guminsa, kuma ranar da ya ce zai koma gida, ranar zai ji an ambaci bashi.

Bashin nan shi ne sarƙar wannan zamani, kuma a tasha ake fara ɗaura shi. "Kada ka damu da kuɗin mota, in ka fara aiki ka biya." Magana mai daɗin ji ga wanda ba shi da ko dala. Sai an isa ake buɗe littafi: kuɗin mota, kuɗin abincin hanya, kuɗin da aka ba masu shinge, kuɗin ɗaki, kuɗin wanda ya samo aikin. Jika ashirin ta zama jika ɗari biyu, kuma kullum ƙaruwa take. Ka yi ciwo, an rubuta. Ka fasa kwano, an rubuta. An karɓe katin ɗan ƙasa wai za a adana maka, an karɓe salula wai tana hana aiki. Ba a ɗaure ƙafarka ba, ƙofar gidan ma a buɗe take, amma ina za ka, da me, ka gaya wa wa?

Ga 'yan mata, mace ce galibi ke zuwa. Tana da fara'a, tana da atamfa mai tsada, ta san sunan kowace uwa a unguwa. Ta ce akwai gidan wani Alhaji a Yamai ko Kwatano ko Abuja da ke neman 'yar aiki, wanke-wanke da shara kawai, za a riƙa aiko kuɗi duk wata, a tara wa yarinya kayan ɗaki. Wata na farko kuɗi ya zo. Na biyu ya zo rabi. Daga nan sai a ce yarinyar ta yi ɓarna ana cirewa. Wasu daga cikin yaran nan aikatau ɗin suke yi da gaske, daga asuba har tsakar dare, ba makaranta, ba hutu, ladan kuma yana hannun dillaliya. Wasu ko gidan Alhajin ba su taɓa gani ba, ɗakin karuwai aka kai su. Ga samari kuwa, zancen zinariya ne. Tun da aka gano ta a Jado a 2014, da ƙarin ramukan da ke can kusa da iyakar Aljeriya, labarin wanda ya dawo da sabuwar mota ya cika fadodi. Ba a ba da labarin wanda ya shekara cikin rami yana biyan bashin ruwan sha. Akwai kuma gonaki da wuraren fasa dutse a kudu, akwai masu ɗiban almajirai mota guda su kai su birni, karatu ya zama bara, kuɗin bara ya zama na malam. Yanzu ga wata sabuwa: masu bindiga da ke yawo a dazukan iyaka suna jan yara da kuɗi da alkawarin babur. Shi ma sayen mutum ne, kuma wanda aka saya ta wannan hanya da wuya ya ga gida.

Wanda yake ganin abin ya yi nisa da mu, ya tuna ƙarshen watan Oktoba na 2013. Motoci biyu suka tashi daga Arlit za su Tamanrasat, suka lalace cikin hamada. Da aka je, gawa 92 aka tarar: yara 52, mata 33, maza 7. Ƙishirwa ce ta kashe su. Yawancinsu Hausawa ne daga yankin Kance a jihar Damagaram, kuma bara za a kai su yi a titunan Aljeriya. Ƙasa ta yi makokin kwana uku. Ku tsaya a kan yaran nan 52. Daga Kance zuwa Arlit tafiya ce ta kwanaki. Tasha nawa suka sauka? Direba nawa ya ƙirga kansu ya karɓi kuɗi? Mai abinci nawa ta zuba musu shinkafa? Kowa ya gan su. Kowa ya ga mata kaɗan da tarin yara, ya ce a ransa ba ruwana. A watan Maris na 2022 kuma, bayan wani gidan talabijin na Senegal ya nuna 'yan Nijar na bara a titunan Dakar, gwamnati ta tura jirage aka kwaso kimanin mutum 1,000, akasarinsu mata da yara. Ba tashi sama suka yi suka je Dakar ba. Motocin haya ne suka kai su, iyaka bayan iyaka. Kuma duniya ba ta manta da hoton bidiyon da CNN ta fitar a watan Nuwamba na 2017 ba, inda ake gwanjon samari baƙar fata a Libiya, ana tayin mutum dalar Amurka 400. Kowanensu akwai garin da ya fito, akwai tashar da ya fara hawa mota ana yi masa addu'a.

Wata sayarwar ma ba ta buƙatar hamada. Hadijatu Mani, 'yar yankin Ƙonni, tana da shekara 12 aka sayar da ita a 1996 kan jika 240, aka kai ta gidan wani mutum a matsayin wahaya, wato mace ta biyar da ba a ɗaura mata aure ba, ba ta da sadaki, ba ta da gado, sai bauta. Shekara tara tana ciki. Da taimakon ƙungiyar Timidria ta kai ƙara har kotun CEDEAO, kuma ran 27 ga Oktoba 2008 kotun ta ce ƙasar Nijar ta kasa kare ta, ta yanke a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Yarinyar ƙauye ce da ba ta yi boko ba, ta tsaya ta kayar da gwamnati a gaban alƙalai. Ku da kuke da salula a hannu da ƙarfi a jiki, wane uzuri ya rage muku na yin shiru?

Akwai wani ruɗani da ya kamata a warware, domin na ji ana yaɗa shi a bakin tasha. A watan Nuwamba na 2023 Janar Abdurahaman Tiani ya soke dokar 2015 wadda ta haramta jigilar baƙin haure. Daga nan wasu suka ɗauka ƙofa ta buɗe, duk wanda ka ɗauka ka ɗauka. Ba haka ba ne. Dokar da aka soke ta shafi ɗaukar mutumin da ya biya kuɗinsa da kansa don a tsallaka da shi. Dokar fataucin mutane daban ce: ita ce mai lamba 2010-86 ta ran 16 ga Disamba 2010, kuma ba ita aka soke ba. Hukuncinta ɗaurin shekara 5 zuwa 10 ne, in yaro aka yi fatauci kuma 10 zuwa 30. Bauta ma laifi ce a dokar Nijar tun 2003. Kuma ku riƙe wannan da kyau: laifin bai tsaya kan wanda ya saya da wanda ya sayar ba. Wanda ya nemo, wanda ya ɗauka a mota, wanda ya ba da masauki, wanda ya karɓa, in dai ya san abin da ake ciki, duk suna cikin ƙugiya ɗaya. In yaron bai kai shekara 18 ba, cewa "ai shi ya yarda" ko "ai uwarsa ce ta ba da shi" ba ta wanke kowa. A hayin Najeriya ma akwai hukumar NAPTIP tun 2003, aikinta ke nan. Ɗan kabu-kabun da ya tsallaka da yarinya don jika biyu, zai iya shafe ƙuruciyarsa a gidan kaso, wanda ya aike shi kuma yana can yana neman wani mai babur.

Abin da ya sa nauyin ya faɗo kanku yanzu fiye da da, shi ne halin da iyaka ta shiga. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da takunkumin da ya biyo baya, aka rufe gadar Gaya da Malanbil, kuma ko da Binin ta buɗe ɓangarenta, namu ya ci gaba da zama a rufe. Jama'a ba su daina tafiya ba. Sun koma jiragen ruwa, sun koma hanyoyin daji da babura. A kan gada aƙalla akwai ɗan sanda da zai ce ina takardar yaron nan. A mashigar jirgi da asuba, ko a ɓarauniyar hanya tsakanin gonakinmu da Kebbi, ba mai tambaya sai mai jirgi da mai babur. Ke nan idon da ya rage a kan hanyar naku ne.

To me za ku duba? Ba sai an kai ku taron bita a otal ba, ido ya san kima. Mace ɗaya da 'yan mata huɗu ko biyar masu kusan shekaru ɗaya, ba su yi kama da ita ba, ba su yi kama da juna ba. Ka tambayi yarinya sunanta, babbar ta amsa. Ka ce ina za ku, ta dubi fuskar matar kafin ta buɗe baki, ko ta faɗi amsa kamar hadda. Duk takardunsu da wayoyinsu suna jaka ɗaya. Yaran ba su da kaya sai leda. Mutum ya ce ka sauke su kafin shinge, ka jira su a gaba. Ya ninka maka kuɗi ba ka nema ba, da sharaɗin a bi daji ko a tashi da dare. Ana ta kiransa a waya yana cewa mun wuce wuri kaza, saura kaza, kamar mai rakiyar kaya. Ɗaya daga cikin waɗannan ba ya tabbatar da komai, domin gwaggo na iya tafiya biki da 'ya'yan 'yan uwanta. Amma in uku suka haɗu, zuciyarka ta riga ta gaya maka.

Tambaya ba rashin kunya ba ce in an yi ta da ladabi. "Hajiya, sannu da hanya. Yaran nan duk naki ne? 'Yan gidan wa ne?" Mai gaskiya za ta faɗa maka har sunan kakansu, ta ji daɗi ma. In an tsaya salla ko cin abinci, mace a cikin fasinja ta matsa kusa da yarinyar: "Ƙanwata, wa za ki wurinsa? Innarki ta san gidan?" 'Yan mata, wannan aikinku ne, domin abin da yarinya za ta gaya muku a bayan mota, ba za ta taɓa gaya wa namiji ba. In abin bai kwanta muku ba, ku riƙe lambar motar, ku lura da kamannin mutumin, ku sanar da shugaban tasha, ko jandarman shinge na gaba, ko ku kira 'yan sanda a lamba 17. A ƙauye ku gaya wa maigari. Amma ina roƙonku, kada ku yi ihun ɓarawon yara. Mun san abin da taron jama'a ke yi in ya fusata, an sha kashe marar laifi a kan zato, kuma gawa ba ta faɗin inda aka kai sauran yaran. Kada kuma ku ɗauki hoton yarinyar ku watsa a WhatsApp, kun ƙara mata tabon da zai bi ta har gidan aure.

Kai kuma da ka ɗaura niyyar tafiya bana, je ka, Allah ya ba da sa'a, amma ka tafi da wayonka. Ka sayar da akuya ka biya kuɗin motarka ya fi ka tafi a kan bashin wanda ba ka sani ba. Katinka ya kwana a jikinka. Ka haddace lambar waya biyu ta gida a kanka, domin salula ana ƙwace ta. Ka tambayi sunan unguwa, sunan mai aiki, nawa ne lada, hannun wa zai shiga, sannan ka nemi ɗan garinku da ke can ya tabbatar kafin ka tashi. Aikin da aka ce kada ka gaya wa iyayenka sai ka isa, tarko ne. Wanda ya turo maka hoton gida da mota a Facebook ya ce akwai biza kyauta zuwa ƙasar Larabawa, tambaye shi me zai samu, domin ba don Allah yake yi ba.

Yanzu bari in faɗi wadda ba a so. Da ɗan gari akan ci gari. Baƙo daga Kwatano bai san gidan da aka yi rashin uba ba, bai san wadda aurenta ya mutu ba, bai san wanda bashi ya kama ba. Wani daga cikinmu ne ke nuna ƙofa, ya karɓi kamasho a kan kowane kai. Wani lokaci kawu ne, wani lokaci maƙwabciya ce, wani lokaci wanda aka yi fataucinsa jiya ne aka ce ya kawo mutum biyu a yafe masa bashinsa. Iyayenmu kuma, da girmamawa nake faɗa: jika goma da aka damƙa muku a zaure, a ce somin-taɓi ne, kuɗin 'yarku ne. In kun ce riƙo ne irin na da, riƙo na da a gidan ɗan uwa ake yinsa, kun san ɗakin da take kwana, kuna zuwa kuna ganinta. Ba wa baƙuwa yarinya ba ku san ko sunan unguwar ba, ba riƙo ba ne. Malamanmu sun karantar da mu cewa cikin waɗanda Allah da kansa zai yi husuma da su ranar ƙiyama akwai wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗinsa, da wanda ya sa ma'aikaci aiki ya hana shi ladansa. Kuma kowa ya san ayarin matafiya ne suka tsinci Annabi Yusufu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, suka ɓoye shi cikin hajarsu, suka sayar da shi da 'yan kuɗi kaɗan. Limamai, ku hau mumbari da wannan, ko sau ɗaya kafin a fara tafiyar rani.

Wadda ta kuɓuta ta dawo kuma, ku karɓe ta. Abin da ke riƙe 'yan mata da yawa a can, har bayan ƙofa ta buɗe, tsoron bakin mutanen gida ne. In muka mai da ita abin nuni a bakin rijiya, mun taya wanda ya sayar da ita aiki, kuma mun rufe bakin da ya fi kowa sanin sunan dillaliya da gidan da ake sauke yara.

Hukuma ma da nata. Akwai hukumar ƙasa ta yaƙi da fataucin mutane, ANLTP, kuma a 2019 an buɗe gidan karɓar waɗanda aka ceto a Damagaram. Daga Damagaram zuwa Gaya tafiya ce mai nisan gaske. Iyakar da ta haɗa ƙasa uku ta cancanci nata wurin, ko da ɗaki biyu ne da ma'aikaciya ɗaya, don kada yarinyar da aka sauke daga mota ta kwana a ofishin 'yan sanda tare da wanda ya ɗauko ta. Magajin gari ya sauƙaƙa takardar haihuwa, domin yaron da ba a rubuta ba, in ya ɓace, ba abin da za a nuna a neme shi. Kamfanonin manyan motoci da sandikar direbobi su kafa ƙa'ida: yaro ba ya hawa sai an rubuta sunansa, da sunan mai rakiya, da wanda zai karɓe shi. Ma'aikacin shingen da ke karɓar ɗari biyar ya ɗaga sanda ba tare da ya leƙa cikin mota ba, ya sani ba harajin kaya ya yafe ba, ɗan mutum ya bari aka wuce da shi. Gidajen rediyon karkara su yi zancen da Hausa da Zabarmanci da Dandanci da Fulatanci, a lokacin da mata ke saurare.

Sai dai kada ku jira su. Kowace fada a Zabori tana da shugaba, tana da butar shayi, tana da dare mai tsawo. Ku ware dare ɗaya ku yi wannan magana. Ku buɗe littafi ku rubuta duk wanda zai tafi ci-rani daga unguwarku: ina za shi, da wa, wace lamba. Wanda aka yi wata ba a ji shi ba, ku bi sawu, kada ku bari sai shekara. 'Yan kabu-kabu ku yi alkawari a tsakaninku cewa ba mai tsallaka iyaka da yaron da bai san iyayensa ba, ko nawa aka ba shi, kuma wanda ya karya, ku cire shi daga layi. Ran 28 ga Satumba, ranar da Nijar ta keɓe don yaƙi da fataucin mutane, ta zo daidai gab da girbi, lokacin da dillalai ke fara zagaye. Bana kada ta tsaya a ɗakin taro a Yamai da Doso. Ku kawo ta tashar Zabori, ku kai ta Junju da Karakara, ku gayyaci 'yan uwanku direbobin Kamba da masu jirgin Gaya. Kuma daga gobe da safe, kafin ka ta da babur ko ka rufe ƙofar mota, dubi yaron da ka ɗauka, ka tambaye shi sunansa da inda za shi, ka bari ya amsa da bakinsa.